Muhawara: wanda bai ɗauki Attaura wahayi ba, yana da hurumin fassara ta?

Malam Sanusi: Jama'a, ni dai ina kan bakana: yana da hurumi. Masanan jami'a da ke karanta littattafan Yahudawa kamar kowane tsohon rubutu, ba tare da sun ɗauke su wahayi ba, sun fito da abubuwan da mai karatun ibada ke wucewa. A labarin ruwan ɗufana, nan an ce Nuhu ya ɗauki dabbobi biyu-biyu, can an ce masu tsarki bakwai-bakwai. A 1753 wani likita Bafaranshe, Jean Astruc, ya nuna yadda sunan Allah ke sauyawa a Littafin Farawa. Daga baya Julius Wellhausen na Jamus, a 1878, ya kafa hujjar cewa littattafai biyar na Attaura daga tushe huɗu aka harhaɗa su, ƙarnuka bayan Annabi Musa.

Hajiya Rabi: Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kana zaton malaman Yahudawa ba su ga biyu-biyu da bakwai-bakwai ba sai da Bajamushe ya zo? Sun gani, sun kuma amsa: an ƙara yawan masu tsarki ne saboda hadayar da Nuhu ya yi bayan fitowa daga jirgi. Shi kuwa Wellhausen ba da zuciya ɗaya ya zo ba. Ya ɗauki dokokin firistoci a matsayin bushewar addini bayan zamanin annabawa. Shi ya sa malamin Yahudawa Solomon Schechter ya ce a 1903 wannan nazari ƙin jinin Yahudawa ne aka sa wa rigar ilimi.

Yakubu: Hajiya, son zuciyar mutum ɗaya ba ya goge abin da ke rubuce. Kuma ba Turawan jami'a ne suka fara tambayar ba. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, da kanta ta yi gardama kan ayoyi takwas na ƙarshen Attaura, masu ba da labarin rasuwar Musa: wani ya ce Joshuwa, magajin Musa, shi ne ya rubuta, wani ya ce Musa ne, cikin hawaye. Ibrahim ibn Ezra, mutumin Andalus na ƙarni na 12, ya tsaya a kan ayar da ta ce a lokacin nan Kan'aniyawa suna ƙasar, kamar dai bayan gushewarsu aka rubuta ta, ba a zamanin Musa ba, ya ce akwai sirri, mai hankali ya yi shiru. Spinoza, masanin falsafar da Yahudawan Amsterdam suka kora a 1656, shi ya fasa shirun a 1670, ya ce ba Musa ne ya rubuta Attaura ba. Shi ma Astruc da Malam ya kawo, kare Musa yake yi: cewa ya yi Musa ya yi aiki da tsofaffin takardu.

Aminu: To ai mu wannan ba sabon labari ba ne. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, da ya rasu a 1064, ya jero saɓanin Attaura tun tuni. Binciken nan gaskata mu kawai ya yi cewa an jirkita littafin.

Hajiya Rabi: Aminu, yi a hankali, ƙanena. Ibn Hazm ya yarda an saukar wa Annabi Musa littafi. Hanyar da kake murna da ita ba ta fara daga nan ba, kuma da ita wasu masanan ke tunkarar Alƙur'ani da Linjila. In ka karɓe ta a kan littafin wasu, me za ka ce ranar da aka juyo da ita kanka?

Malam Sanusi: Gaskiya ne, Aminu. Masanin tarihi ba ya yanke hukunci kan wahayi, tambayarsa ita ce wa ya rubuta, yaushe, don wa.

Hajiya Rabi: Yana yankewa mana, Malam! Dubi Littafin Ishaya. Ishaya, annabin Isra'ilawa, ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, amma sura ta 44 da ta 45 sun ambaci Sarki Sairus na Farisa da sunansa, wanda ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai imani ya ce annabci ne. Masanin jami'a ya ce dole wani ne ya rubuta daga baya. Wannan "dole" ɗin daga ina ta fito, in ba daga ƙin yarda da annabci tun farko ba?

Malam Sanusi: Ba sunan Sairus kaɗai ba ne, Hajiya. Daga sura ta 40 muryar tana rarrashin mutanen da suka riga suka faɗa bauta a Babila, tana maganar Urushalima a matsayin kango. Daular Assuriya da ta cika surorin farko ta kusa ɓacewa, salon ma ya sauya.

Aminu: Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947 fa? Na ji surori 66 ɗin duka suna ciki.

Malam Sanusi: Suna ciki, amma kwafin na wajen ƙarni na 2 kafin Annabi Isa ne. Ƙarnuka ne tsakaninsa da Sairus, don haka ba zai raba mana gardama ba.

Yakubu: Akwai Yahudawa masu riƙo da suka ƙi zaɓar ɓangare. Rabbi Mordechai Breuer na Urushalima ya yarda muryoyin nan daban-daban suna cikin Attaura, ya ce Allah ne ya faɗe su duka ga Musa. Hajiya, wannan zai gamsar da ke?

Hajiya Rabi: Ya fi mini, domin bai rufe ƙofar wahayi ba. Amma Malam bai amsa mini maganar "dole" ba, ina jira.