Lobau: gandun daji ne ko mataccen ruwa aka yi wa kwalliya?

Baban Hanifa: Salam jama'a. Ni fa yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a ce na cika mita. Wannan Lobau ɗin, fadamar bakin kogin Danub da ake ta karewa a nan Viyana babban birnin Ostiriya, wai kar a haƙa hanyar mota ta ƙarƙashinsa, ni ban ga wani gandun daji a wurin ba, mataccen ruwa ne kawai. Tun 1875 da suka gama miƙar da kogin Danub suka yi masa jinga rassan nan suka rabu da uwar kogin, abin da ya rage ruwa ne a kwance da ciyawa da sauro, mu kuma kullum muna cikin gosulo a kan babbar hanyar Tangente saboda shi. Abin da mutum ya riga ya kashe da hannunsa ta ina za a dawo a ce wai ana kiyaye halitta?

Anti Mai Keke: Wa alaikassalam. Haba Baban Hanifa, ka taɓa shiga ciki kuwa ko ta gilashin mota kake hango shi? 😂

Baban Hanifa: Na shiga mana Anti. Na kai yara gefen Panozzalacke lokacin zafi, sauro ne ya koro mu.

Anti Mai Keke: Toh nan ai bakin ƙofa ka tsaya, inda mutane ke wanka. Ka gangara ƙasa can Lobau ta ƙasa da sassafe ka gani. Ni da idona na ga kififiya guda huɗu jere a kan wani gungume suna shan hantsi, ina taka busasshen ganye suka zube cikin ruwa lokaci ɗaya, kuma irin wannan kififiyar a duk Ostiriya yankin nan ne babban wurin da take hayayyafa. Ga bishiyoyin da dabbar nan biba ta sare da haƙori, ka ga gindin ta fere shi tas ga ɓaraguzan itace fari a ƙasa. Duk wannan fa a cikin gunduma ta 22 ta Viyana, ba wani daji mai nisa ba. Mataccen abu ba ya haihuwa ƙanena.

Injiniya: Ku yi haƙuri in shiga tsakani. Yaya Baban Hanifa akwai inda ka yi daidai, amma ba inda kake zato ba. Wurin bai mutu ba, sai dai yana kan hanya, kuma ba hanyar mota ce za ta fara kashe shi ba, ƙishirwa ce. Reshen kogi ambaliya ce ke raya shi, ita ce take zuwa da ƙarfi ta share laka ta buɗe sabon wuri ta kawo kifi. Jingar da aka yi ta toshe bakin sama, yanzu in Danub ya cika ruwan sai dai ya shigo ta baya, ta wata kafa da aka bari a jinga can ƙasa wajen Schönau, yana tahowa a hankali yana hawa sama, da ya tsaya sai ya sauke duk lakar da ya ɗauko ya koma abinsa. Kowace ambaliya ƙara cike wurin take maimakon ta wanke shi. Ga kuma gindin kogin kansa yana ta zurfi saboda madatsun wutar lantarki na sama sun riƙe tsakuwa, kogi in ya yi ƙasa ruwan ƙarƙashin ƙasa ma sai ya bi shi.

Baban Hanifa: Yauwa! Kun ji ko? Injiniya ma ya ce mutuwa zai yi. Toh a bar mu mu samu hanya mana.

Injiniya: A'a Yaya ban ce haka ba 😅 cewa na yi yana buƙatar ruwa.

Ɗan Nguru: Wallahi Injiniya kana magana ina ganin gida. Mu da muka taso a fadamar Haɗejiya da Nguru mun san wannan ciwon tun kafin mu san akwai wata Viyana. Da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan kaɗan duk shekara, kachala ta samu abin da take so ta rufe hanyoyin ruwa, kwale-kwale ba ya wucewa, gonakin shinkafa wasu sun nutse wasu sun bushe, ga tsuntsayen jan baki sun samu maɓoya. Amma ban taɓa jin wanda ya ce tunda dam ya ɓata fadama a bar ta ta ƙarasa ba, kowa cewa yake a sako ruwa yadda ya kamata a yashe hanya.

Kawu Admin: Ɗan Nguru ka kawo magana amma a tsaya kan Lobau, kar a kai mu siyasar gida, kun san yadda take ƙarewa a gidan nan.

Malama Hajara: Ni tambaya ce da ni Injiniya. In dai ruwa ne matsalar, ga Danub nan kwance a gefensa, me ya hana a fasa jingar daga sama ruwa ya shiga? Su da suke da kuɗi da injina.

Injiniya: Malama nan ne ƙullin yake. A cikin Lobau ɗin akwai rijiyoyin ruwan sha na birnin. Yawancin ruwan famfon Viyana daga tsaunuka yake zuwa ta manyan hanyoyi biyu, ta 1873 da ta 1910, amma in ana gyaran ɗaya ko zafi ya sa buƙata ta yi yawa sai a kunna rijiyoyin Lobau. Hukumar ruwa tana tsoron in aka saki ruwan kogi kai tsaye zai gurɓata rijiyoyin sai an gina wurin tacewa, masana halittu kuma suna cewa in ba a saki ba tafkunan za su koma daji busasshe. Lobau ta sama dai ana ɗan ɗura mata ruwa ta wani tsohon reshen kogi mai suna Mühlwasser, ta ƙasan ce take shan wahala alhali ita ce ta fi daraja.

Malama Hajara: Ikon Allah. Wato rijiyar da ke shayar da birni ita ce kuma ta hana a ba shi ruwa.

Baban Hanifa: Toh ku duba fa. Wurin da sai an ɗura masa ruwa da bututu, ga daffon mai na kamfanin OMV da tankoki zube a gefensa, shi ne gandun daji? Lambu dai. Ku kira shi lambun gwamnati mu wuce wurin.

Anti Mai Keke: Ka nuna min wuri ɗaya a tsakiyar Turai da hannun mutum bai taɓa ba. Ko Napoleon a nan Lobau ɗin ya jibge sojojinsa a 1809 lokacin yaƙin Aspern da aka ba shi kashi, har yau akwai duwatsun tunawa a cikin dajin. Tsuntsu ba ya tambayar wa ya haƙa tafki kafin ya yi sheƙa. Kuma kar ka manta ba kyauta aka ba su wurin nan ba, a Disambar 1984 mutane dubbai suka je suka tare a dajin Hainburg cikin sanyin nan da ka sani don hana gina madatsa, ƴan sanda suka dake su, gwamnati ta janye, daga nan aka bi har aka kafa gandun ƙasa na Donau-Auen, wanda Lobau ke cikinsa, a 1996, hekta sama da 9,000 daga Viyana har iyakar Silobakiya. Shi ya sa in ka taɓa Lobau ƴan garin suke tashi kamar ka taɓa musu uwa.

Baban Hanifa: Anti ramin fa ta ƙarƙashi zai bi, wajen mita 60 a ƙasa, kilomita 8 da ɗoriya, kififiyarki ko ƙarar mota ba za ta ji ba. Ministar muhalli da sufuri ta lokacin, Gewessler, ta dakatar da shi a Disambar 2021 saboda siyasar jam'iyyarta kawai, gosulo bai ragu ba, ga unguwar Seestadt ana ta gina gidaje mutane na ƙaruwa a wannan gefen kogin. Ni da nake tsallakawa aiki kullum ni na san abin da nake gani.

Injiniya: Maganar gosulo gaskiyarka ce, ba wanda ya musa. Masu adawa da ramin abu biyu suke faɗa, ruwan ƙarƙashin ƙasa da za a ratsa, da kuma cewa sabuwar hanya sababbin motoci take jawowa. Wannan a yi ta jayayya. Abin da ke ba ni haushi shi ne ko an haƙa ko ba a haƙa ba lakar nan tana nan tana taruwa, masu zanga-zanga sun kafa bukkoki wata da watanni saboda rami, amma zancen a ba wurin ruwa ba ya tara mutane don ba shi da abokin gaba mai fuska. Kuma an san yana aiki, can ƙasa wajen Haslau da Regelsbrunn an sake buɗe wa reshe baki tun shekarun 1990 ruwa yana gudu a ciki.

Malama Hajara: Ni dai a nan na ɗan bambanta da kai. Ruwan sha na mutum miliyan 2 ba abin gwaji ba ne, in har sai an zaɓa tsakanin rijiya da kififiya ni rijiya zan ɗauka, Anti ki yi haƙuri.

Anti Mai Keke: Ba sai an zaɓa ba Malama, a gina matatar mana. Kuɗin da za a zuba a rami ai ya ninka nata ban san sau nawa ba.

Baban Hanifa: Toh a gina duka biyun, ni ban hana ba. Amma har yanzu ban ji wanda ya amsa min ba, abin da ba zai rayu ba sai da famfo sunansa gandun daji?

Ɗan Nguru: Yaya sunan ne damuwarka ko gosulon? 😂

Baban Hanifa: Duka.

Kawu Admin: Magariba ta yi a nan. Anti ki turo hotunan kififiyar in kina da su, Baban Hanifa kai kuma ranar Lahadi ka ari keke ka bi ta, ka sayi maganin sauro a hanya.

Anti Mai Keke: Ƙarfe 6 na safe a tashar jirgin ƙasa, in ya makara tafiyata zan yi.

Baban Hanifa: 6 kuma? Ranar hutun? A mayar 9 in ana so in zo.

Anti Mai Keke: 8, kuma kai za ka kawo shayi.