Fulat a Kubwa ko gida mai get a Masaka? Wanda ya taɓa zama ya ba ni shawara

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi min canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinmu yana Sakateriyar Tarayya. Wata huɗu ke nan ina raɓe a ɗakin wani abokina a Dutsen Alhaji, iyali suna gida. Ina so in ɗauko su kafin a koma makaranta a watan Satumba. Mu shida ne: ni, maiɗakina, yara uku, sai Hajiyarmu wadda ba zan iya bari ita kaɗai ba, kuma tana fama da ciwon gwiwa.

Gida biyu na gani. Na farko fulat ne a Kubwa, ɗaki biyu da falo, a saman bene hawa na biyu, miliyan 2.2 a shekara ban da sabis caj, wato kuɗin hidimar gini, dubu 250. Gida shida ne a ginin, akwai maigadi da burtsatse. Na biyu gidan ƙasa ne mai zaman kansa a Masaka, ɗaki uku, da tsakar gida da get ɗinsa, miliyan 1.3. Ba ruwa sai an saya, kuma daga bakin titi akwai tafiyar kamar minti goma a hanyar da ba kwalta. Abin da ke hannuna gaba ɗaya miliyan uku ne, a ciki zan ɗauko kaya daga Kano. Ina da 'yar mota. Don Allah wanda ya zauna a ɗaya daga cikin biyun ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Alhaji na Kwari:
Wa alaikumus salam. Haya asara ce ɗana. Ka haɗa kuɗin nan ka sayi fili a Kuje ko Gwagwalada, ka dinga ɗora bulo a hankali. Shekara biyar kana cikin gidanka.

Maman Ikram:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, to a ina yaran za su kwana kafin shekara biyar ɗin?

Abban Hanifa, shekarata shida a fulat a Kubwa, ni ma a sama. Abu na farko, ka manta da turmi. Ranar da na fara daka yaji matar ƙasa ta hawo har ƙofata, wai silin ɗinta na girgiza. Shanya a 'yar baranda ce, zanin gado biyu ya cika ta. Gawayi ba a yarda ba, sai gas. Yara kuma kamar an sa su a keji, in sun yi guje-guje a kawo ƙara, in sun sauka ƙasa motoci na shiga da fita. Ranar da famfon burtsatse ya ƙone sai da muka yi kwana tara ana jiran kowa ya kawo kasonsa, mai ruwa kuma ya ce jarkar da za a hau da ita bene kuɗinta daban. Amma fa maigidana yana sallar magariba a masallacin unguwa kusan kullum. Wannan kaɗai ya sa ban taɓa ce masa mu tashi ba.

Bazazzage:
Bakano ya shigo Abuja, yanzu sai masu gidaje su shiga uku da neman ragi. Ka nemi gidan da ke da shago a jiki kawai, mun san wata uku ba za ta yi ba ka fara sayar da atamfa.

Abban Hanifa:
Kai dai bari in gama da wannan, zan dawo kanka, bawanmu.

Injiniya Mararaba:
A taswira nisan wuraren biyu zuwa Sakateriya kusan ɗaya ne, a ƙasa kuwa ba su haɗa hanya ba. Titin Kubwa faɗi gare shi, in ba haɗari aka yi ba kana tafiya. Ta ɓangarenmu duk mutanen Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu bakin hanya ɗaya suke bi, ta Kugbo zuwa mahaɗar AYA. Tun bayan bam ɗin tashar Nyanya a watan Afrilun 2014 muka san abin da shingen bincike ke yi wa hanyar nan. Ni ƙarfe biyar da kwata nake fita, sallar asuba a cikin gari nake yi. Ranar Litinin in na makara da rabin awa, sai tara ta wuce ina hanya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ka rage a kuɗin haya tankin motarka zai shanye shi a go-sulo. Ka lissafa wannan.

Ummu Sudais:
Miliyan 2.2 a Kubwa? Cuta ce wallahi. Mu miliyan 1.2 muke biya, ɗaki biyu, har da sito.

Dan Gwarinpa:
Hajiya yaushe kuka shiga? Tsohon ɗan haya daban, sabon shiga daban. Ƙanina ya kama irin wannan a watan jiya miliyan 2.8. In 2.2 aka ce masa, ko dai gidan da matsala ko ya yi sauri.

Ummu Sudais:
2019 muka shiga, amma ai sau biyu ana yi mana ƙari.

Baffan Ado:
Ku bar maganar farashi. Ni ku saurari abin da ya same ni, don ban so wani ɗan uwa ya faɗa ramin da na faɗa.

A 2021 na kama gida a Ado, kafin ka kai Masaka. Irin wanda yaron nan yake faɗa ne sak: ɗaki uku, tsakar gida, get. Dubu 600. Na ga iyalina za su sake, ba mai leƙa min mata, ga wurin ɗaure ragon layya, ga inda tsohuwata za ta shimfiɗa tabarma ta sha iska. Ruwa ne babu. Kura biyu muke sha kullum, in rani ya yi 'yan garuwa su ninka kuɗi kuma sai ka roƙe su. Da na gaji na je na samu mai gidan, dattijo ne, muka zauna a kan benci a ƙofar gidansa. Ya ce in haƙa burtsatse, za a dinga cirewa a kuɗin haya har shekara uku. Na ce mu rubuta, ya ce haba ɗana, tsakanina da kai sai takarda? Na ji kunya na yi shiru.

Na sayar da filina na gida na haƙa. Na sa tanki, na ja famfo har bayi, na gyara sokawe da ya rufta, na yi dandamalin siminti a tsakar gida saboda caɓi. Sama da miliyan ɗaya da rabi na zuba. Shekara ɗaya aka cire min dubu 200. A ta biyu dattijon ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ban zarge shi ba. 'Ya'yansa suka zo da dillali, suka zagaya gidan suna kallon tankina, suka ce gida mai ruwa yanzu miliyan 1.4 ne, in biya ko in tashi. Na kawo maganar alkawari, babban ya ce ina shaida? Wanda aka yi a gabansa ya ce ba ya shiga rigimar gado. Na ce to in cire famfona da tankina, suka ce abin da aka kafa a gida na gida ne.

Da damina muka tashi. Motar kaya ta kafe a hanyar nan marar kwalta, katifunmu suka jiƙe, tsohuwata na zaune a gaban mota tana hawaye. Yanzu ɗaki da falo muke ciki a Mararaba, mu bakwai. Duk ranar da na wuce na hango tankin nan a sama sai ƙirjina ya yi zafi.

Maman Ikram:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, Allah ya saka maka. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Alhaji na Kwari:
Kun ji abin da nake faɗa. Da a filinsa ya zuba kuɗin nan ai da ba haka ba.

Baffan Ado:
Alhaji filin da na sayar a Bichi yake, aikina yana Wuse. In kwana a Bichi in zo aiki da safe?

Lauyan Karu:
Baffa sannu. Wata nawa suka ba ka? A Abuja, mai biyan haya shekara-shekara notis ɗin wata shida doka ta ba shi, sai in yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban, kuma bayan nan ma sai an je kotu kafin a fitar da shi. Ado da Masaka a ƙaramar hukumar Karu suke, jihar Nasarawa, don haka kotun can za ka je. Da kana da rasit na haƙar da na kayan, ba za a rasa abin yi ba.

Baffan Ado:
Wata biyu suka ba ni. Rasit ɗin mai haƙa yana nan. Amma kuɗin lauya fa? Kuma ranar zaman kotu wa zai yi min aikina? Na bar su da Allah.

Matashi 001:
Gaskiya laifinka ne Baffa, a wannan zamanin wa yake yarjejeniya da baki? Ni shawarata ga mai tambaya, ya kama selfkon, ɗaki ɗaya mai bayi da kicin, a cikin gari, ya bar iyali a Kaduna, duk Juma'a ya hau jirgin ƙasa a tashar Kubwa. Rabin ofishinmu haka suke yi.

Maman Ikram:
Yaro, mutum yana ba da labarin abin da ya ƙona masa rai kana cewa laifinsa ne? Ka yi aure tukuna? Ka san abin da mace ke ji in yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare uban yana wata jiha? Kuma Kano ya ce, ba Kaduna ba.

Matashi 001:
Anti sai na yi aure zan iya lissafi?

Dan Gwarinpa:
Lissafin gwauro daban. Ni a ganina wanda bai taɓa biyan haya a Abuja da iyali ba ya ɗan saurara. Har da masu ba da shawara daga Kantin Kwari.

Alhaji na Kwari:
Na girmi ubanka a harkar gidaje, ina da 'yan haya goma sha ɗaya.

Bazazzage:
To ashe da mai gida muke hira tun ɗazu! Baffa ga ɗaya daga cikinsu nan, kama shi.

Dillalin Dutse:
Ni sana'ata ce, bari in yi muku lissafin da ba wanda ya yi. Fulat ɗin Kubwa: miliyan 2.2, la'ada kashi goma dubu 220, kuɗin lauya kashi goma dubu 220, sabis caj dubu 250, koshan, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna, a ce dubu 100. Miliyan 2.99 ke nan. Dubu goma ta rage masa, ko kuɗin lodin kaya daga Kano bai kai ba. Na Masaka da komai da komai bai wuce miliyan 1.7 ba. Sannan ka tambaya ko layin wutar Band A ne, wato rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada, don tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 masu mita mai kati a wasu unguwanni suke kuka. In kuma mita ɗaya ce ake rabawa a ginin, kada ka shiga ko kyauta ne. Abban Hanifa ka yi min magana ta gefe, ina da ɗaki biyu a ƙasa a Dutse.

Ummu Sudais:
Ai dama na san nan za a zo. Ku ne kuke hura wa masu gidaje kunne. Kuɗin lauyan nan wane lauya ne yake karɓa? Takarda ɗaya ce kuke ta fotokwafi kuna canza suna.

Injiniya Mararaba:
Kuma kuɗin duba gida fa? Lokacin da nake nema, dillali huɗu na ba dubu biyar-biyar, a motata muka je, da maina. Biyu daga cikin gidajen da mutane a ciki, wai za su tashi ƙarshen wata. Ɗaya kuma ko rufi ba a yi ba.

Dillalin Dutse:
Injiniya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mutum zai sa ka yini a rana kana zagaya da shi, ya karɓi lambar mai gida a ɓoye ya koma ta bayanka. Mu ma da iyali.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai, musamman Baffa, Allah ya mayar maka da alheri. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar Hajiya. Akwai wanda ya zauna da tsohuwa mai ciwon ƙafa a saman bene? Matakala talatin da wani abu na ƙirga. Kuma in ciwo ya tashi da dare a Masaka, yaya ake yi da hanyar nan da damina?

Maman Ikram:
Surukata ta zo mana wata biyu, sau uku kacal ta sauka, biyu asibiti ne, kuma a kujera samari suka sauko da ita. Ta rantse ba ta ƙara zuwa. Amma ka tabbatar ma za su ba ka fulat ɗin? Ka faɗa musu ku shida ne?

Abban Hanifa:
Ba su tambaya ba tukuna.

Dan Gwarinpa:
Za su tambaya. Ni sai da na biya la'ada sannan mai gidan ta kira ni, mata nawa, yara nawa, baƙi daga ƙauye suna zuwa? Da ta ji yara biyar ta ce sokawenta ba zai ɗauka ba. Wata uku ina bin dillalin kafin ya dawo min da rabin kuɗina.

Ummu Sudais:
Ƙawata ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu, gida huɗu aka hana ta wai sai ta kawo miji. Sai da yayanta ya zo daga Zariya ya sa hannu a madadinta. Da kuɗinta fa.

Alhaji na Kwari:
Ku ma ku faɗi gaskiya mana. Ɗan haya ya ce su uku ne, bayan wata biyu ka tarar da mutum goma sha biyu, an fasa tayil, an toshe masai, ya tashi ya bar maka bashin wuta. Wa zai biya?

Baffan Ado:
Koshan ɗin da kuke karɓa ba ku mayarwa, Alhaji, shi zai biya. Dillalin Dutse, tunda kana nan, ka faɗa mana tsakaninka da Allah: a shekarun da ka yi kana wannan sana'a, mutum nawa ka gani an mayar wa da koshan ɗinsa cif?