Dan Allah a taimaka, hoton inuwa na firem ya ƙi min

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara cikin gaggawa. Bikin ƙanwar maigidana ya matso kuma kun san dangin miji kowa ana kallon abin da ya kawo, matar yayansu ta ɗau labule da kafet, ni kuma da bakina a gaban Hajiya na ce zan yi kwalliyar bangon falo, to yanzu ba halin janyewa don dama ana cewa ba na taɓuka komai in ana hidima. Irin hoton inuwar nan nake so, a yanka gefen fuskar amarya da ango a baƙin kwali a manna kan fari a sa a firem. Kwali na sayo a kasuwar Gumi, firem kuma wani kafinta a Panteka ya haɗa min har da gilashi. Amma takardar duk ta tattare, hancin ango kuma ya fito kamar ba nashi ba. Ya zan yi?

Anti Zee: Ba ki faɗi gam ɗin da kika sa ba amma na san farin gam na kafintoci ne. Ruwa ne a cikinsa, takarda ta sha ta kumbura, in ta bushe ta tattare. Gam na sanda irin na 'yan makaranta za ki sa, ko salatif mai manne gaba da baya. Batun hanci kuwa daga hoto matsalar take. Mutum ya tsaya a gefe sosai jikin farin bango, waya daidai kunnensa ki ɗauke shi hoto, ki buga a shagon kwamfuta ki ɗora kan kwalin ki bi layi da sabuwar reza. Takardar ake juyawa ba hannu ba. Ki fara da leɓe da hanci, su ne kamannin.

Maman Ilham: Anti gam ɗin mai kyau ne fa, mai shagon ya ce har katako yana kamawa. Kuma ango ba zan iya cewa ya tsaya in ɗauke shi ba, a hoton baiko na ciro.

Anti Zee: To ai shi ne, katako ba takarda ba. Hoton baiko kuma gaba yake kallo, ina za ki samo gefen fuska?

Ummu Sadik: Ni dai ki bar yanka, ki zana ki cike da baƙin fenti ya fi sauƙi.

Anti Zee: Da fenti bakin zanen ba ya fita tsaf, kar ki soma.

'Yar Kawo: Ki duba bayan firem ɗin ma. Ni wani kafinta ya sa min ɗanyen katako, damina na shigowa fumfuna ta cinye hoton bikina ta cikin gilashi, na koma ya ce wai bangona ne ke tsatsafo, har yau kuɗina bai dawo ba wallahi in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Twins: Afuwan, kin tambayi angon kuwa? Wasu ba sa yarda a rataye siffar mai rai a ɗaki. Ki yi bishiyar dabino ko hasumiyar masallaci, ba hanci ba rigima.

Maman Ilham: Ai ba ido ba baki, inuwa ce kawai. Kuma fuskokinsu na yi alkawari, in na kai dabino matar yaya dariya za ta yi.

Anti Zee: Ki sa maigidanki ya ɗauko miki hoton angon ta gefe kawai.

Maman Ilham: Shi fa bai ma san na kashe kuɗin firem ba. In na goge takardar da dutsen guga za ta miƙe?