Wai mu ne maroƙa?

Ɗalibin Likita: Jama'a, raina a ɓace yake. Sati uku muna aiki a asibitin wani ƙauye a ƙasar Gumel, gudawa sai kayar da yara take. Mun gaji da maimaita haɗin ruwan gishiri da sukari, mata na fita sun manta, sai muka mayar da shi waƙa: litar ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Muka ba mai cajin waya ya dinga tura wa mutane ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Wallahi waƙar ta fi wa'azinmu na asibiti aiki. Amma yau wani dattijo ya tare mu, wai karatun shekara 6 ake biya mana mu dawo maroƙa!

Alaramma: Ɗana, da kiɗa ko ba kiɗa? Waƙa zalla daban, kiɗa daban.

Ɗalibin Likita: Kalangu ne kaɗan a ƙasa, Allah gafarta Malam.

Alaramma: To ai dattijon bai yi ƙarya ba.

Jikan Makaɗa: Dakata. Me "maroƙa" ta yi da har ranka ya ɓaci? Kakana da kalangu ya aurar da 'ya'ya tara. Kai ma raina mu kake.

Bahaɗejiya: Maroƙi mai roƙo ne. Sun karɓi kuɗin wani? Makaɗa dai za a ce.

Jikan Makaɗa: Yaya, mu za a koya wa sunan sana'armu?

Ɗan Wudil: Kalangu ma ai na mahauta ne. Jigawa sai a hankali, likita da gangar fawa.

Bahaɗejiya: Ku Kanawa da kuka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har cutar ta bazu ƙasashe, ku za ku yi mana gori?

Ɗan Wudil: Me ya jawo? Gwajin maganin kamfanin Pfizer na 1996 lokacin sanƙarau a kan 'ya'yanmu aka yi, ba naku ba.

Ungozoma: Don Allah cokalin a shafe ne ko da tozo? Wata ta zuba gishiri cokali guda.

Ɗalibin Likita: A shafe, Inna. Gishiri rabi kawai, yawansa na da haɗari.

Ɗan Wudil: Ta ba ni amsa tukuna.

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: kowa ya yarda roƙo sana'a ce mai daraja, ɗalibi ya ba makaɗa haƙuri. Mai son waƙar ya nemi ƙanina, shi ya buga kalangun.

Alaramma: Ni yaushe na yarda?