Kwikwiyona yana fitsari a cikin kejinsa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon karnuka. Kwikwiyon da na samo don gadin gida watansa 3, amma har yanzu a cikin kejinsa yake fitsari, ya kwanta a kai. Ina fitar da shi bayan isha'i da kuma asuba, na daina ba shi ruwa daga ƙarfe 8 na dare, tsummansa kullum sai na wanke da omo, amma zarnin bai tafi ba.

Abin da ya fi damuna, da rana ma yana ɗiga kaɗan-kaɗan, akai-akai. Kejin ne ya yi masa girma, ko daren ne ya yi masa tsawo? Ko in kai shi wurin likitan dabbobi? Wallahi tausayinsa nake ji.