Jar tuta a bakin teku: mu je ko mu fasa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar muke son kai yara bakin tekun Scarborough da ke Yorkshire a Ingila, daga Leeds, ɗaya shekara 6, ɗaya 9, duk ba su iya iyo ba. An ce za a yi iska. In muka tarar da jar tuta, ko iya gwiwa ba za su shiga ba? Babansu har ya sayo musu balan-balan na hawa ruwa.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Ja zalla a Ingila nufinta kada kowa ya shiga, ko iya idon sawu ne. Wadda za ki nema ita ce mai ja a sama, rawaya a ƙasa. Biyu ake kafawa, tsakaninsu masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rai a teku, ke sa ido, kuma suna matsar da su in ruwa ya cika ko ya janye. Mai zanen dara baƙi da fari wurin masu allon hawa igiyar ruwa ne. In kuma kika ga buhun iska ruwan lemo a kan sanda, daga tudu iskar ke turawa cikin teku, balan-balan ya zauna a but ɗin mota.

Ɗan Florida: Ja ɗaya gargaɗi ne kawai, sai an haɗa biyu ake rufe ruwa. Shunayya kuma halittu masu harbi.

Baban Sadiq: Malam, wannan tsarin Florida ne. Kada ka ruɗa ta, Yorkshire za ta.

Autan Mama: Ni da na ga jar tuta na ɗauka saurayin da ba ya ɗaga waya ake tattaunawa 😂

Hajiya Babba: Auta, ba wurin wasa ba ne. A watan Agustan 2016 samari biyar daga Landan suka rasu rana ɗaya a Camber Sands, wani bakin teku a kudancin Ingila, lokacin babu masu ceto a wurin. Rana ce mai kyau, ga jama'a maƙil. Tudun yashi ke yaudarar mutum: yana tsaye a kai, ruwa ya zagayo ta bayansa ya cike kwarin da ya tsallako. Sai da aka rasa rayuka aka kawo masu ceto. Rashin tuta gaba ɗaya ya fi jar tuta ba ni tsoro. Shuɗiyar tuta ma lambar yabo ce ta tsabta, ba ta ce ruwan yau lafiya yake ba.

Anti Rabi: Ki saya musu rigar ceto, fam 15 ce.

Injiniya: Anti, ta fam 15 galibi mai lamba 50N ce (lambar ƙarfin ɗaga mutum a ruwa), ta wanda ya iya iyo. Wanda bai iya ba 100N yake buƙata, mai wuya da igiyar tsakanin cinya, daidai nauyinsa, kuma ta kan haura fam 30. In babu igiyar, rigar sama take yi ta rufe fuska. In wani abu ya faru da yaro, ki kira 999 ki ce masu gadin teku (coastguard) kike nema, kada ki bi shi ciki.

Anti Rabi: Ta fam 15 ɗin ma ai tana ɗaga yaro.

Hajiya Babba: Duk tushen matsalar rashin koyon iyo ne. Wuraren iyo kaɗan ne ke ware lokacin mata zalla, wanda ya ware ma sai ka tarar namiji ne mai gadin ruwan. Ta yaya uwa za ta koya, balle ta kula da ɗanta?

Maman Hanifa: To jama'a, mu je ko mu fasa?

Anti Rabi: Hajiya, akwai inda kika sani mace ce ke gadi a Bradford?