Neman shawara: PES 2017 na yage hoto a talabijin, wasu 'yan wasan kuma fuskarsu ta yi baƙi ƙirin

Abba Mai Gem: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi laptop ta hannu makon jiya, Core i5 ce ƙarni na shida, RAM 8GB, kuma akwai katin hoto na NVIDIA 940MX, ga sitikarsa ma a jiki. Na saka gem ɗin ƙwallon ƙafa na PES 2017, na jona ta da talabijin ta HDMI don mu riƙa bugawa da ƙannena da yamma. To ga abin da ke faruwa: gefen hoton ya shige, ba a ganin allon ci sosai. Idan kyamara ta bi ƙwallo da gudu, sai layi ya tsaga hoton ta tsakiya kamar an yaga takarda. Wasu 'yan wasan fuskarsu baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Da an ɗauke wuta kuma sai gem ɗin ya fara ɗingishi. Katin ne ya lalace in mayar wa mai ita, ko akwai abin da zan taɓa?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Mayar masa kawai, an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Malam Habu Injiniya: Sadiq, a yi haƙuri tukuna, ba a yanke hukunci kafin a ji shaida. Abba, abubuwa huɗu ka lissafa, kuma kowanne da inda ya fito. Ni ban ga alamar katin da ya mutu ba. Wanda ya fara mutuwa yakan watsa ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka ko'ina, har a fuskar Windows, ba cikin gem ɗaya kaɗai ba.

Fara da wannan. Irin laptop ɗinka katin hoto biyu gare ta: ƙaramin Intel da ke cikin processor, da NVIDIA ɗin. Don tattalin batir takan tura aiki ga ƙaramin, kuma tsofaffin gem irin wannan sau da yawa can suke faɗawa. Shiga foldar gem ɗin, buɗe Settings.exe, duba shafin Specifications. Idan Intel ka gani a wurin GPU, wato katin hoto, to babban katin barci yake yi. A Windows 10 je ka Settings, System, Display, ka gangara ƙasa zuwa Graphics settings, ka ɗauko PES2017.exe ka ba shi High performance. Ka yi wa Settings.exe ɗin ma haka, in ba haka ba zai ci gaba da nuna maka Intel kana zaton gyaran bai kama ba. Da yawa nan suke rikicewa.

Tsagewar hoto kuwa ba cuta ba ce. Talabijin na sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, katin kuma yana aiko nasa ba tare da jira ba, sai rabin sabon hoto ya hau kan rabin tsoho. Kunna V-Sync a shafin Display na Settings.exe ɗin, layin zai ɓace.

Abba Mai Gem: Wallahi Malam Intel ne a wurin, VRAM ma 128MB ya rubuta. Allah ya ƙara basira.

Ummi Zariya: Maganar gefen da ya shige, laifin talabijin ne ba kwamfuta ba, yana faɗaɗa hoton ne kaɗan. Ɗauki rimot ka shiga wurin girman hoto. LG na kiransa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit. Sannan danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi Second screen only. Idan ka bar shi a Duplicate, allon laptop ɗin, in bai wuce 1366x768 ba, shi zai ja talabijin ɗin ƙasa. Mu ma sai da muka yi wata guda muna buga wasa ba mu san minti nawa ya rage ba, sai dai mu ji alƙali ya hura.

Nura Kocin Unguwa: Tambaya ɗaya: an ɗora maka faci na sabuwar kaka? Don gem ɗin na 2016 ne, in ka ga 'yan wasan bana a ciki to ba haka ya fito daga Konami, kamfanin da ya yi shi, ba.

Abba Mai Gem: Eh, mai saka min ya ce ya haɗa har uku, na riguna, na fuskoki da na filaye.

Nura Kocin Unguwa: To ga baƙar fuskarka nan. Fayilolin facin, wato cpk, ne suka ci karo a foldar download da ke cikin foldar gem ɗin, ko kuma na fuskokin bai dace da sauran ba. Kwashe su gaba ɗaya ka adana a wani wuri, har da DpFileList.bin mai ɗauke da jerinsu, ka buɗe gem ɗin tsurarsa. In fuskokin sun dawo, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana sabunta jerin, har ka kama ɓarawon. Su waye ma suka yi baƙin?

Abba Mai Gem: Duk sababbin da aka ƙara ne, tsofaffin lafiya lau.

Malam Habu Injiniya: Ka ga ni ko. Saura na ɗaukewar wuta, shi kam ba shi da cikakken magani. Laptop in ta koma kan batir da gangan take rage wa katin ƙarfi, batirin ta hannu kuma dama ya sha jiki. Za ka iya tura ma'aunin batir zuwa Best performance, amma cajin ba zai daɗe ba. Gara ka sauke ingancin hoto zuwa Medium in babu wuta. Kuma don Allah ka daina ɗora ta kan katifa ko kafet, ka kai a busa mata fanka, ƙurar hunturun nan ba wasa ba ce.

Abba Mai Gem: Na dawo da rahoto. Yanzu NVIDIA yake nunawa da 2GB, layin ya tafi, allon ci ya fito tsaf, godiya ga Anti Ummi. Facin fuskokin ne mai laifin, na cire shi. Sai dai tunda na kunna V-Sync ƙanina ke cewa hannun gem ɗin na ɗan makara in ya danna shot. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko don na ba shi huɗu da nema ne.

Ummi Zariya: Duka biyun na iya zama gaskiya. Duba rimot ɗin, in akwai Game Mode ka kunna, sai ku sake karawa.